Mai Tsumma da Baƙin Layin da Ya Ƙi Shafewa

Kafin mai faci ya buɗe rumfarsa, kafin bakanike ya gama miƙa, Mai Tsumma ya riga ya ɗebo ruwa bokiti biyu ya ajiye a bayan gareji, inda katanga take yi masa 'yar inuwa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana haka. Ya shanya tsummokaransa a igiya, masu datti a hagu, masu tsabta a dama, ya jera samfefa tun daga mai kaushi har zuwa wadda ta kusa kai tafin jariri laushi, sannan ya zauna a kan tsohuwar taya yana jira. Wata rana mota ta zo da wuri. Wata rana har azahar ba wanda zai ce masa ci kanka.

Aikinsa goge wili ne, wilin alminiyam tsurarsa, wanda babu fenti a jikinsa. Irin wannan ƙarfe ba ya tsatsa, amma yana dushewa, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, ƙurar birki ta manne masa. Mai Tsumma ba ya zuba wa wili ruwa sai ya huce. Ya wanke da sabulu da buroshi, ya bi shi da jiƙaƙƙiyar samfefa, hannunsa na tafiya gefe guda, ba ya kewaye. Sannan ya lakato man goge ƙarfe a tsumma ya murza wurin da bai wuce faɗin tafin hannu ba, har tsumman ya yi baƙi ƙirin, ya ɗauko mai tsabta ya share. Sai ka ga fuskarka har da gibin bakinka. Baƙin nan ya shiga hannuwansa ya zauna, babu sabulun da zai fitar da shi. Shi ya sa in ka miƙa masa hannu, tsintsiyar hannunsa yake ba ka.

Ni da nake wannan bayani, Tsohon Ƙarfe ake ce mini a gareji. Shekara arba'in da huɗu na yi a kan sitiyarin tirela. Ban taɓa zama a aji ba, a jikin allunan hanya da bayan motoci na koyi baƙi, kuma ga shi ina rubutu ana karantawa. Sau uku ana zaro ni daga motar da aka ce babu mai rai a cikinta. Sa'o'ina duk na raka su makabarta na dawo. Saboda haka idan na ce mutum ya iya aiki, ba sai an tambayi wani ba. Amma akwai maganar da ta tokare ni game da wannan bawan Allah shekara goma sha tara, kuma ranar Asabar zai naɗe tsummansa ya bar garin. Dole in fitar da ita kafin ya tafi.

Abin da ya raba shi da sauran masu wankin mota shi ne ba ya goge wili a jikin mota. Sai an ɗaga jak an kwance, ya kifa shi, ya fara da cikin da ba mai gani. Direbobi su yi ta mita, shi ko a jikinsa. Mai faci ya shaida mini cewa wata malamar makaranta ta taɓa kawo 'yar motarta, an zuba wa wilinta asid a wurin wankin inji, duk ya yi dabbare-dabbare. Kwana biyu ya yi a kan wili huɗu. Da ta ce masa, “Baba, cikin ai ba wanda zai leƙa,” sai ya ce, “'Yata, ni na leƙa.”

Tawa ta faru ne lokacin da na sa wa motata wilin alminiyam, ni ne na farko a duk garejin, a tambaya a ji. Na ɗauko kaya, ina sauri, ga gangaren dutse a gabana mai lanƙwasa goma sha ɗaya. Na kai wa Mai Tsumma motar, ya gama wili biyar, ya kifa na gaba na ɓangaren dama. Ya murza ya share, ya sake murzawa ya sake sharewa. Ko'ina ya yi ƙyalli sai wani siririn layi kamar silin gashi tsakanin ramin noti biyu, baƙin man ya shige ciki ya ƙi fita.

Ya ce, “Direba, wannan ba zai koma jikin mota ba. Ya tsage.”

Na ce, “Kai da ko keke ba ka iya hawa ba, kai ne za ka gaya mini abin da zai koma jikin mota? Share ka ba ni kayana.”

Ya ce, “In na bi shi da samfefa zai ɓuya. Shi ya sa ba zan bi ba.”

Na sa ƙafa na hamɓare bokitinsa, ruwan ya jiƙa masa wando. Direbobi suka yi ta dariya, wani ya ce mai tsumma ya zama injiniya. Shi kuwa hawa kan wilin ya yi ya zauna, ya harɗe baƙaƙen hannuwansa a gwiwa, ya ce sai dai a ɗauke su tare. Bakanike ne ya raba gardamar. Ya ɗiga kananzir a kan layin, muka juya wilin, ga damshi ya fito ta ɗaya gefen. Aka sa mini wani wilin, na sauka gangaren nan da kaya tan talatin lafiya lau.

Ban ce masa na gode ba. Kunya ta sa ban sake kai masa mota ba. Abin da ya fi wannan muni, duk tashar da na zauna sai na ba da labarin cewa da kunnena na ji wilin yana wata ƙara, na sa aka kwance. An yi ta jinjina mini. Kunnena kuwa yana da kyau, wannan ba ƙarya ba ne, amma ran nan bai ji komai ba.

Shi kuma yana nan bayan katanga, duniya tana janye jiki daga gare shi a hankali. Matarsa ta rasu. 'Yarsa guda tana aure nesa. Masu inji suka kwashe motoci, minti goma sun feshe wili sun sallame ka. Da rana ya buɗe 'yar kular abincinsa ya ci shi kaɗai, rediyo na magana a gefensa, shi ne abokin hirarsa. Yanzu ido ya yi rauni, da yatsa yake bin wili yana lalube. Ya ce ranar da ya kasa ganin baƙin layi bai halatta ya karɓi motar kowa ba, shi ya sa zai koma wurin 'yarsa.

Shekaranjiya na dogara sandata na je. Na tsaya a kansa na yi gyaran murya.

Ya ce, “Tsohon Ƙarfe. Tarin nan naka bai sake ba.”

Na ce, “Mai Tsumma, na zo ne kan maganar wilin nan. Kai ka gani, ba ni na ji ba.”

Ya yi 'yar dariya. “Ai labarin ya sha zuwa mini. Kana ba da shi da daɗi, ni ba zan iya tsara shi haka ba.”

“Ba ka ji haushi ba?”

Ya ce, “Labari ai ba ya tsagewa a hanya. Abin da ya dame ni, ka daina zuwa. Na yi ta tunanin wa yake duba maka cikin sauran biyar ɗin.”

Ni da aka ɗinke mini ƙafa ba allurar kashe zafi ban yi ko uhum ba, ran nan sai da na juya na kalli katanga. Ya matsa mini gefen taya na zauna. Muna nan zaune tare har inuwa ta bar mu.

To, Mai Tsumma, a gaban jama'a na wulaƙanta ka, a gaban jama'a nake ba ka haƙƙinka. Kai ne mai fara aiki daga inda ido ba ya kaiwa. Kai ne ka zauna a kan wili da jiƙaƙƙen wando ana yi maka dariya, don kada wanda ya zage ka ya mutu. Jikokina bakwai ba su san fuskarka ba, amma da ka share layin nan da ba su san tawa ba. Na gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa 'yarka ta riƙe ka da kyau, ya yafe mini jinkirina.

Ku kuma masu wanki, ku riƙa kifa wili kuna duba cikinsa, in kun ga abin da ya ƙi gogewa ku faɗa, ko da mai motar irina ne. Direbobi, na san da yawanku kuna yawo a kan ƙafafun da ya duba. Yana nan har Asabar da hantsi. Ku je ku zauna da shi ko na minti biyar ne. In ya miƙo muku tsintsiyar hannu, kada ku karɓa. Ku kama tafin.