Ƙibar da Ta Hana Mahaifiyata Hatsin Agaji

Shekarun baya, mutanen ƙauyenmu a ƙasar Shagari sun yi ittifaƙi cewa ba ya yiwuwa mutum ya yi ƙiba alhali yana kwana da yunwa. Dagaci ya faɗa, Bature ya faɗa, ni ma da 'yar bokona na gaskata.

A wata shekara da damina ta yi gardama, hukumar En'e ta kawo hatsin agaji. Ni ne tafintan Baturen da ya zo rabo, ina taƙama da kaki kamar ni na haifi Turanci. Da ido yake zaɓen mabukata: wanda ya rame a auna masa, mai jiki ya wuce.

Sai layi ya kawo kan mahaifiyata. Shekara biyu ke nan fuskarta ta cika, cikinta da kafaɗunta sun yi nauyi, ga maƙoƙo a wuya, ga jin sanyi ko da bazara. Bature ya nuna ta da sanda ya ce wannan ta riga ta cinye rabon ƙauye. Dagaci ya yi dariya har rawaninsa na rawa.

Ta dube ni ta ce, "Malam, mi yac ce?"

Na fassara mata, kalma bayan kalma, a gaban jama'a. Ta kife ƙwaryarta ta koma gida. Daga ranar mata suka sa mata suna Mai Rumbun Ɓoye, alhali rabonta na tuwo jikokinta take ba.

Bayan kaka na kai ta asibitin Sakkwato. Likita ya shafa wuyanta ya ce akwai wata tsoka a nan mai fitar da sinadarin da ke sa jiki ya ƙona abinci. Tata ta gaza, shi ya sa kitse da ruwa suka taru. Ya ba ta ƙwayoyi. Cikin 'yan watanni ta saɓe, tana kuwa cin abinci fiye da dā.

Na karɓi takardar likita, na karanta ta a ƙofar masallaci bayan an idar da salla. Dagaci ya ce, "Ai abin ya wuce, Malam."

Na ce, "Ranka shi daɗe, gare ku yaw wuce."

Har yau, da furfurata, idan na ji ana yi wa mai jiki ba'a, raina ɓaci yake, kuma da kaina nake farawa. Babu wanda ya taɓa ba ta haƙuri. Saboda haka ina so jikokina su rubuta ranar da aka wanke ta: Juma'ar farko ta watan Rajab, shekara biyar kafin Turawa su bar ƙasar nan.