Kaneng da Hutun Karatu

Kaneng 'yar Filato ce, amma a Dutse ta yi rabin rayuwarta. Bautar ƙasa ta kawo ta, daga nan aka riƙe ta a wani ofishin tsare-tsare a kan kwantiragi, ta kama ɗaki a Limawa ta zauna. Aikinta raka baƙin ƙungiyoyin agaji ƙauyuka. Ta kai su Aujara su ga rijiyar burtsatse, ta kai su Ringim wurin masu noman rani, ta yi musu tafinta, su ɗauki hoto su tafi. Kafin a jima sai shirin agajin da ya kawo su ya tsaya, wasu baƙin su zo da wani sabo.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ba ta san wa yake buɗe shirin ba, wa yake rufe shi, kuma don me. Shi ya sa ta shiga neman tallafin karatun digiri na biyu a Ingila, kan siyasar ayyukan raya ƙasashe da yadda ake tafiyar da su. Duk shekara ta nema, duk shekara a ba ta haƙuri. Sai da ta kusa cire rai aka ɗauke ta.

Ta shiga wurin daraktansu, Malam Zuhair.

"Ranka ya daɗe, hutun karatu na zo nema."

"Na taya ki murna, Kaneng. Amma kin san mai kwantiragi ba shi da hutun karatu. In kin tafi, kin ajiye aiki ke nan."

"Ko na shekara ɗaya?"

"Wallahi ba a hannuna yake ba."

Ta san gaskiya ya faɗa. Ta ajiye aikin, ta bar kayanta wurin maƙwabciyarta Hajiya Kubura, ta tafi.

Karatun bai ba ta wuya ba, sanyi da kaɗaici ne suka gallabe ta. A can ta ga yadda abin yake: a yi zaɓe a wata ƙasa mai nisa, sabuwar gwamnati ta canja ra'ayi, sai a kulle ofis a Jigawa. Ta samu amsarta, amma hankalinta bai kwanta ba.

Ta dawo daidai lokacin da ƙungiyoyin ke sallamar ma'aikata. Kujerarta kuwa tuni an ba wani. Yanzu koyarwa take a wata sakandare mai zaman kanta, ta fita da sassafe, ta dawo da azahar murya a dishe.

Rannan Hajiya Kubura ta same ta zaune a bakin ƙofa, ko takalmi ba ta cire ba.

"Ke kuwa, da kin san haka za ta kasance, da kin je?"

Kaneng ta sunkuya ta cire takalmin.

"Da na je, Hajiya. Gajiya ce dai kawai."

Hajiya ta miƙa mata kwanon fura. "Sha, ki shiga ki ɗan miƙe baya. Zan kwashe miki shanyarki."