Ƙoƙo Huɗu a Ɗakin Baba Silas

Ranar Talata, 27 ga watan Mayu, 2025, wajen ƙarfe goma na safe, ƙanwata Serah ta kira ni a waya. Ina shagona a Utako, na kwance wani janareto, hannuna duk baƙin mai. Cewa ta yi, "Yaya Ebenezer, Baba ya rasu." Na ce wane Baban? Sai da ta faɗa sau uku kafin na ajiye sifanar da ke hannuna.

Mahaifinmu, Baba Silas, dattijon ikilisiyarmu ta Tungan Maje, ya rasu yana da shekara sittin da takwas, ba jinya, ba kwanciya, ko ciwon kai bai ambata ba. Da safen nan ya sha kununsa, ya saɓa fartanya ya tafi gona. Maƙwabcinmu Malam Habibu ne ya tarar da shi kwance tsakanin kunyoyin doya, hularsa a gefe. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, amma har yanzu in aka turo ƙofar gida sai na ɗaga kai.

Baba, duk wanda ya san ka ya san ƙoƙunanka. Tun muna yara, ranar Ista da safe kake ƙirga ƙwayar masara hamsin ka zuba a ƙoƙo ɗaya, ka ajiye wani ƙoƙon fanko kusa da shi. Kowace safiya bayan addu'a sai ka ɗauki ƙwaya ɗaya ka mayar can. Ranar da ta arba'in ta wuce, ka ce mana yau Ubangiji ya hau sama. Ranar da ƙoƙon farko ya ƙare, Fentikos ke nan, ranar saukowar Ruhu Mai Tsarki. Washegari kuma ka shuka hamsin ɗin a bakin gona. Ni da Serah har dambe muke yi a kan wa zai ɗauki ƙwayar ranar. Kalanda tana rataye a bango, amma kai ka ce kalanda faɗa maka take yi, masara kuwa sa ka jira take yi.

Abin da masarar bakin gonar nan ta haifa ba ya shiga rumbunmu. Ka ce idin kwana hamsin asalinsa idin girbi ne, kuma Maganar Allah ta haɗa shi da barin gefen gona ga wanda ba shi da komai. Saboda haka gwauraye da baƙin da suka zo neman aiki Abuja suka rasa, su ke karyar ta, ba tare da sun nemi izini ba. Wata shekara na kama wata mata tana cika zani da ita, na taho da gudu in kai ƙara. Ka ja kunnena, ka ce in koma in taya ta ɗauka. Ranar jana'izarka na ga matar nan, ta tsufa, tana zaune bayan coci tana kuka.

Yanzu sai in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro, don ba yabo kaɗai ya kawo ni ba.

Shekara uku da suka wuce na shiga wata ƙungiyar nazarin Nassi da ke haɗuwa a falon wani gida a Gwarinpa. A can na koyi cewa idodin da aka ba mutanen Allah tun farko da ganin wata ake lissafa su. Idin Ƙetarewa ranar sha huɗu ga watan fari yake, daga makonsa kuma ake fara ƙirga kwana hamsin. Abin ya shige ni ƙwarai. Ni kuwa kowa ya san halina, in na riƙe magana ko oga ba ya ƙwace ta a bakina.

A shekarar 2024 Ista ta faɗo ranar 31 ga Maris, namu Idin Ƙetarewa kuma sai bayan mako uku. Na zo gida ranar Istar da takardu cike da jaka. Mama Magdalena, mahaifiyarmu, ta dafa shinkafa da miyar zabo, gida cike da dangi. A gaban kowa na ce kuna murnar tashi daga matattu alhali ba a ma yanka ɗan ragon Idin Ƙetarewa ba tukuna. Na ce idinku na gado ne, ba na Nassi ba. Mama ta miƙo mini kwano, na ture shi da bayan hannu, miya ta zube a tabarma.

Ba ka ɗaga murya ba, Baba. Ka dube ni ka ce, "Ebe, mai yiwuwa lissafinka daidai ne, ni ban yi karatun wata ba. Amma abincin uwarka bai yi maka laifi ba."

Na ɗauki jakata na fita. Wata goma sha huɗu ban taka gidan nan ba, alhali daga Utako zuwa Tungan Maje ba tafiyar kwana ba ce. Kowace Lahadi bayan sujada kana kira na, ina amsawa a tsaitsaye. Lahadin ƙarshe ka ce, "Ebe, wace rana ce kwana hamsin ɗinku? So nake in gwada da..." Na ɗauka gardama kake nema. Na katse ka, na ce ina da aiki, ma yi magana bayan idi. Wannan ce maganata ta ƙarshe da mahaifina, kuma ni na fara kashe wayar.

Bayan mun binne ka, Mama ta ce in shiga ɗakinka in fito da kayanka. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin gado, na jawo ƙoƙunan nan biyu da na sani, sun yi baƙi don tsufa. Ƙwaya goma sha biyu ta rage a na farkon. Sai na ga akwai wasu biyun a bayansu, sababbi fil, ko ɗacin duma bai bar su ba. Na ƙirga abin da ya rage a ciki, ƙwaya biyar. Ban buƙaci wani ya yi mini bayani ba, don ni ma, a lissafin ƙungiyarmu, kwana biyar ya rage mini ranar da ka faɗi. Na zauna a ƙasa.

Malam Habibu ne ya cika mini sauran. Ya ce daren da aka ga watan Ƙaramar Sallah bana, ka fito ka tsaya tare da su a bakin masallaci, kana tambaya yadda ake gane kwanan wata. Ya ce da ni, "Ɗana, har tsokanarsa na yi, na ce Silas ko musulunta za ka yi? Ya ce a'a, ɗana nake bi, ya tafi ta wajen wata." Daga wannan watan ka ƙirga sha huɗu da kanka, ka gano ranar idinmu, ka fara zuba mini masara mako guda kafin taka.

Mama kuma ta nuna mini farar rigarka a goge, rataye a bayan ƙofa. Ka riga ka tambayi inda ake shiga motar Gwarinpa daga Zuba. Ta ce ka ce mata, tun da yaron nan ya ƙi cin namu a ranarmu, mu je mu ci nasa a ranarsa. Kiran nan da na katse, so kake ka tabbatar ƙirgarka ta yi daidai da tawa, kada ka zo a ranar da ba ita ba. Ta yi daidai, Baba. Ko kwana ɗaya ba ka kuskure ba.

Ba zan yi ƙarya a kan kabarinka in ce na watsar da lissafina ba. Har yanzu ina ganin akwai abin dubawa a maganar wata da kalanda, masana ma sun daɗe suna ja a kai. Amma shekara uku ina haddace ranakun idi, ban taɓa tambayar kaina me aka ce in yi a cikinsu ba. Kai da na ce idinka na gado ne, kai ka bar gefen gona, kai kuma ka ɗauki hanya za ka zo wurin wanda ya ɓata maka. Kunya nake ji, kuma tsoro ya kama ni da na ga yadda mutum ke fita gona da safe bai dawo ba.

Tun daga ranar ni nake mayar da ƙwayoyin. Biyar ɗina sun ƙare ranar Lahadin da ta wuce. Ban je Gwarinpa ba, a ɗakinka na wuni, rigar tana rataye inda ka bar ta.

Allah Uba ya ji ƙanka, Baba Silas, ya karɓe ka cikin hutunsa, ya tashe ka tare da masu adalci a ranar da babu mai iya ƙirga ta. Ya ta'azantar da Mama Magdalena, wadda ta yi shekara arba'in da ɗaya tana jin ƙarar ƙwayar nan kowace safiya. Ya ba Serah da dukan dangi haƙuri, da ikilisiyar Tungan Maje da ta rasa dattijo, da Malam Habibu da ya rasa abokin hira. Ni kuma ku roƙa mini gafara.

Ƙwaya ɗaya ta rage a tsohon ƙoƙonka. Gobe Fentikos. Mama ta ce za ta dafa shinkafa, ta tambaye ni a hankali ko zan ci. Na ce mata ta zuba mini a kwanon nan da na ture.