Allah Shi Ba Ki Lahiya

Jiya ina zaune a bayan aji, a sakandaren da aka turo ni koyon koyarwa nan Kaura Namoda, malamin lissafi yana bin layi da tambaya.

Da ya zo kan Rashida, wata yarinya mai i'ina, sai ya tsallake ta. Ta ɗaga hannu, ta miƙe, ta fara kokawa da kalmar farko.

Cikin taushin murya ya ce, "Zamna abinki, ɗiyata. Allah shi ba ki lahiya."

Aji ya amsa da amin. Ba wanda ya yi dariya.

Ba ta zauna ba. An jima kafin maganar ta fito: "Malam, lahiyata lau. Na san amsar."

Ya dubi agogo, ya nuna na kusa da ita. Wannan bai sani ba, aka sake maimaita masa tambayar.

A ofis na ji malamai suna yabonsa, wai shi kaɗai ke tausayin yarinyar. Mutumin kirki ne, ban musa ba.

Amma har aka tashi ba wanda ya ji amsarta. Ku malamai, tausayin da ke hana a saurari yaro, mi sunansa?