Wuƙar Mai Masauki

Bakina ne ya ja mana, ban da abin cewa. In muka kai gabu, busasshen ganyen albasa, kasuwar Buza, ni da Kawu da jakunanmu, gidan wani tsoho muke sauka a bakin gari. Shi ne farkon wanda ya sa goshi ƙasa a zuri'arsu, don haka yana tsoron kuskure kamar wuta. Ba ya yanka wa baƙo kaza. Sai ya kamo ta, ya miƙa wa Kawu wuƙa ya ce, "Malam, yanka da hannunka, ka ci da kwanciyar rai." Figa kuwa tawa ce. Gashin da na fige a gidan nan zai cika matashin kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, da na dokinsa.

A wata tafiya sai na shiga hure wa Kawu kunne: akwai sabon masauki kusa da gidan kumandan, na mai dafa wa Nasara abinci, can nama dafaffe yake zuwa. Tun daga Bangi nake zuba har Kawu ya gaji ya yarda.

Muka isa da la'asar, duwatsu sun cinye mana ƙafa, cikina yana kukan da jakuna suka riƙa waiwaye. Aka dire mana akushi cike da zabi, mai yana ƙyalli. Hannuna ya kai rabin hanya sai Kawu ya ce wa mai masaukin, "Maigida, wa ya yanka?"

"Yanka mi? Bindigar kumandan ta gama da su tun da hantsi, matattu aka tsinto su."

"Wa ya yi bisimilla?"

"Malam, ciki ba shi da ido. Ci abinka."

Har yana dariya! Mutumin nan ya ga carbi a wuyan Kawu, ya ga buta rataye a jaki, ya dire mana mushe yana washe haƙora. Da Kawu bai tambaya ba fa? Har yau in na tuna sai in ji kamar in koma in kife masa akushin a ka. Kuma ƙamshin bai daina ba, wannan ya fi ba ni haushi.

Kawu ya buge mini hannu, ya rufe akushi, muka sake ɗaura kaya. Muka ratso gari da yunwa, ban san ko tsoho zai karɓe mu ba.

Yana zaune a ƙofa. Ya ce, "Malam, na ga wucewarku ɗazu, na ce ko laifi na yi?"

Kawu ya nuna ni da haɓa. "Tambayi ɗan neman wanga."

Tsoho bai tambaye ni ba. Ya kawo ruwan alwala, ya zagaya bayan ɗaki, ya dawo da zakara da wuƙa. Kawu ya yanka, ni na fige. Kawu bai sake sauka wani gida a Buza ba.