Tsohon da Ke Yi wa Zane Faɗa

Tsoho ne dogo, cikin rigar ulu da ta girmi masu gadin gidan zane-zanen nan na Oslo. Yana tsaye gaban zanen hunturu: dusar ƙanƙara shuɗiya, duwatsu, bukkar katako ɗaya tilo. Sauran jama'a suna gyaɗa kai irin na masana. Shi kuwa huci yake.

"Dubi rufin nan, Gunvor," yake ce wa matarsa. "Ƙanƙara har gwiwa, ba wanda ya hau ya kwashe! Mutum ya iya zaman shafa fenti, amma ɗaga shebur ya gagare shi."

"Haba Torleiv, mai bukkar ya daɗe a kabari."

"Da wannan lalacin, ai dole!"

Ina zaton manomin kan tudu ne da 'ya'ya suka kwaso zuwa bene a birni, inda mota ke share hanya kafin ya farka.

Mai gadi ya fara gyaran murya, tsohon bai ji ba. Hancinsa na neman taɓa fentin, hannayensa biyu sun damƙe ƙotar shebur ɗin da babu shi.