Ranar da Na Kai Kawu Sitidiyo

Ni mutum ne mai son tsari, har matata kan ce ko atishawa zan yi sai na duba takarda. Da na yanke shawarar waƙa za ta zama sana'ata, zama na yi na rubuta yadda zan bi. Shekara biyu zan yi ina bin bukukuwa tsakanin Kudan da Makarfi har a san muryata, ba zan yi wa ɗan siyasa waƙa ba, a ta uku kuma in shiga sitidiyo a Zariya. Duk na rubuta. Abu ɗaya na tsallake, wato yadda zan yi da Kawu.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, makaɗin gangar noma a Taba. A gefensa na koyi waƙa, a gonakin gayya, shi yana kiɗa ni ina zuga manoma. Kiɗansa garmar manomi yake bi. Idan ya ga wani ya fara sanyi a tsakiyar kunya, sai ya sassauta ya jira shi, sannan ya taso shi a hankali har ya kai bakin gona. Ina son mutumin nan, kuma ban taɓa buɗe baki da waƙa ba sai a kan gangarsa.

Ranar da za mu Zariya sabuwar riga ya saka, har da turare. Mai sitidiyo ya ɗora masa abin sauraro a kunne, ya ce ya bi ƙarar da kwamfuta ke bugawa daidai wa daida. Kawu ya bi ta ɗan lokaci, sai ya kama gabansa. Aka sake. Tun hantsi muke sakewa har aka kira la'asar. Daga nan mai sitidiyo ya ja ni waje.

"Malam, kiɗan Baba akwai daɗi," in ji shi, "amma ba ya tsayawa wuri ɗaya, ba zan iya haɗa shi da komai ba. Ka bari in yi maka da fiyano."

Na san gaskiya ya faɗa. Na kuma san waƙar fiyano ce ke shiga wayoyin mutane. Amma da wane baki zan gaya wa Kawu? A mota ina ta juya maganar, har muka wuce Likoro. Shi ne ya riga ni magana.

"Ɗana, a ɗakin can babu mai noma. Wa zan bi? Ka yi da na'urarsu."

Ban yi masa musu ba. Wani sauƙi ma na ji a raina, kuma har yau ina jin kunyar wannan sauƙin.

Tsarina ya yi aiki. Waƙoƙin suka bazu, na fara jin muryata a shagunan caji na Ikara, gayyata ta riƙa zuwa daga Kaduna da Kano. Damina biyu ban taka gonar gayya ba. Ran nan Inna ta kira ni a waya, cikin hira ta ce an yi gayya jiya, Kawu ya yi kiɗa. Na tambaye ta wa ya yi masa waƙa.

"Babu kowa," ta ce. "An kawo masa mutum biyu ya ƙi. In ya zo inda kake shiga, sai ya sassauta ganga ya bar wurin, sannan ya ci gaba."

A ranar na kira masu biki biyu na ba su haƙuri, na kuma sa wa kaina doka: lokacin huɗa ba na karɓar gayyatar kowa.

Gayya ta gaba da hantsi na isa gonar. Kawu ya ba ni baya, idonsa na kan manoma, bai san na zo ba. Na cire takalmi na tsaya a bayansa ina jira. Da ya zo wurin ya sassauta, sai na shiga da waƙa.

Bai waiwayo ba. Amma gangar ta yi tuntuɓe, abin da ban taɓa ji daga hannunsa ba, har manomin da ke gaba ya ɗago kai. Kawu ya goge fuska da kafaɗar riga, ya kamo kiɗan, muka raka mutumin har bakin gona.